Mak-fo da harsasan kaka: a ina daidaiton tsohuwar bindiga yake?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi a Tudun Wada, nan Kaduna. Kakansa tsohon sojan yaƙin Bama ne, Allah ya yi masa rasuwa. Da aka buɗe akwatin ƙarfensa za a raba gado, sai aka tarar da lambobin yabo, da takardar sallama daga soja, da harsasan bindigar soja masu lamba 303 jere biyar-biyar a cikin maƙalinsu na ƙarfe. Bindiga kam babu. Wani ɗan sa-kai daga ƙauyensu ta wajen Giwa ya ji labari, ya aiko a ba shi harsasan, wai akwai tsohuwar Mak-fo a hannun wani nasu, kuma Mak-fo ba ta kuskure. Yaron yana son ya sani: da gaske ne tsofaffin bindigogin soja sun fi na yanzu saiti? Irin harsashin da aka ɗura yana canza wani abu? Kuma waɗannan na kakansa, har yanzu suna da rai?

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya sa aljanna ce makomarsa. Na yi aikin soja a ɓangaren gyaran makamai, kuma irin wannan bindiga ta sha wucewa ta hannuna, saboda haka zan ba ka amsa a tsanake. Amma ka riƙe wannan tun yanzu: saiti ba ya zama a cikin sunan bindiga. Yana zama ne a lafiyar bututunta, da zaman katakonta, da dacewar harsashin da aka ba ta, sannan hannun mai harbi. Mak-fo ta cancanci sunan da ta yi a lokacin da waɗannan abubuwa suke cikakku. Wadda ta shekara saba'in ko tamanin tana yawo daga hannu zuwa hannu, ga harsashin da ya kwana a ɗakin kwano tun zamanin Turawa, wannan wani zance ne daban.

Bindigar da muke kira Mak-fo 'yar gidan Lee-Enfield ce ta Ingila. Sojan Ingila sun fara riƙe Lee-Enfield a 1895. A 1907 aka fito da gajeriyar da ake kira SMLE Mk III, wadda aka yi yaƙin duniya na farko da ita, sannan a 1941 No. 4, wato Mak-fo ɗinmu, ta shiga hannun soja gadan-gadan. Waɗannan biyun na ƙarshe harsashi goma suke ɗauka, ana ɗura su biyar-biyar da irin maƙalin da ka gani a akwatin kakanka, kuma duk harbi ɗaya sai an ja sakata an mayar. Kakanninmu da suka tafi Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi gumurzu a kwarin Kaladan da Arakan daga 1944 zuwa 1945, Lee-Enfield ce a kafaɗarsu. Barikin Dalet da ke Kawo daga wani fagen daga na can ya samo sunansa, barikin Chindit na Zariya kuma daga wata rundunar da ta yi yaƙi a dajin Bama. Bayan yaƙi bindigar ta daɗe a hannun soja, ta fi daɗewa a hannun 'yan sanda, shi ya sa duk wanda ya manyanta a Arewa ya san kamanninta.

To me ya sa ta yi suna? Abu na farko, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne ma'aunin saitinta. A tsohuwar SMLE, ma'aunin baya wata 'yar tsaga ce da ke zaune a kan bututu, nesa da ido. A No. 4 sai aka dawo da shi can baya kusa da idon mai harbi, aka mai da shi ɗan rami zagayayye. Idon ɗan Adam da kansa yake neman tsakiyar rami, ba sai an koya masa ba, saboda haka aikin mai harbi ya ragu: ya ɗora tsinken gaba a kan abin da yake nufi, shi ke nan. Ga shi kuma tazarar da ke tsakanin ma'aunin baya da na gaba ta kusa ninka ta AK-47 sau biyu. Duk sanda wannan tazara ta ƙaru, ɗan karkacewar hannu ba ya zama babban kuskure a nesa. Bututunta ya kai santimita 64, na AK bai kai 42 ba. Ƙwayar harsashinta giram 11 da ɗoriya ce, tana fita da gudun mita 740 da wani abu a daƙiƙa ɗaya, ta AK kuwa wajen giram 8 ce. Ƙwaya mai nauyi da tsini ta fi riƙe gudunta, iska ba ta saurin kaɗa ta. In ka haɗa da nauyin bindigar kanta, kilo huɗu da 'yan kai, za ka ga dalilin da ya sa take zama daram a kafaɗa.

Abu na biyu horo ne, kuma a ganina shi ne rabin labarin. Sojan da ya san duk harbi sai ya ja sakata, ba ya ɓarnar harsashi. Ana koya masa numfashi, da yadda zai matsa kunama a hankali ba fizga ba, da kiyasin nisa, da karanta iska. Tun kafin yaƙin duniya na farko ana gwada sojan Ingila da harbi goma sha biyar cikin minti ɗaya a kan allon da ke nisan yadi 300. Yaron da ya tashi yana ganin mai AK yana feshi ba ya samun komai, ya ji labarin tsohon da ke harbi ɗaya ya kayar, dole ya ɗauka asirin yana cikin ƙarfen. Mafi yawansa a jikin tsohon yake.

A wurinmu, ba a auna saitin bindiga da harbi ɗaya. Harbi ɗaya sa'a ma tana iya kai shi. Ana kwantar da bindiga a kan buhun yashi, a yi harbi biyar ko goma a wuri guda, sannan a je a auna faɗin da ramukan suka ci a jikin allo. In ramukan sun taru amma sun kauce daga tsakiya, bindigar lafiyarta lau, ma'auni kawai za a gyara, shi ya sa tsinken gaba na Lee-Enfield yake zuwa da tsawo iri-iri, mai gyara ya zaɓi wanda ya dace. In kuwa ramukan sun warwatsu, to ba ma'auni ba ne, ciwon yana ciki. No. 4 mai lafiya da harsashi mai kyau takan tara harbinta cikin santimita takwas zuwa goma a nisan mita ɗari. Wannan ya wadatar da soja, amma bindigar farauta ta zamani mai matsakaicin kuɗi ta fi haka. Ko a lokacin yaƙi ba kowace No. 4 ce gwana ba. Waɗanda aka ba maharban ɓoye zaɓo su aka riƙa yi ɗaya-ɗaya daga waɗanda suka fi kyau a gwajin masana'anta, a kai wa kamfanin Holland & Holland ya ɗora musu madubin hangen nesa. Da duk ɗaya suke, da ba a sha wahalar zaɓe ba. Har ma akwai 'yar'uwarta gajeriya, No. 5, da aka yi domin yaƙin kurmi a 1944, wadda aka riƙa kuka da ita cewa saitinta ba ya tsayawa wuri ɗaya, aka daina ƙera ta a 1947.

Yanzu bari mu shiga inda shekaru suke cin bindiga.

A cikin bututu akwai tsaga-tsaga da aka murɗa tun daga gindi har baki. Su ne suke kama ƙwayar harsashi su juya ta, juyawar kuma ita take hana ta wuntsilawa a iska. A Lee-Enfield murɗin yana zagaye ɗaya a kowane inci goma, yawanci tsaga biyar, ko da yake a tsakiyar yaƙi an yi masu tsaga biyu domin a yi sauri. Duk abin da ya ci waɗannan tsagogi ya ci saiti. Babban maƙiyinsu kuwa yana cikin harsashin soja na wancan zamani. Ɗan maɓallin da ke gindin kwanson harsashi, wanda allura take sara wuta ta tashi, ana haɗa shi da wani sinadari da in ya ƙone yake barin gishiri a cikin bututu. Gishirin nan yana jan danshi daga iska. A watan Agusta a Kaduna, kwana ɗaya ko biyu ya isa ka ga tsatsa ta fara ja a ciki. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne yake narkar da shi. Saboda haka ne sojan da suka san aikinsu suke zuba tafasasshen ruwa ta mazurari daga gindin bututu bayan harbi, ya bi ya wanke, zafin ƙarfen ya busar da shi, sannan a bi da tsumma da mai. Bindigar da ta bar hannun hukuma ta faɗa hannun wanda bai san wannan ba, yana shafa mata baƙin mai a waje tana ƙyalli, cikinta kuwa ya zama ramuka.

Albarushin ma yana da nasa laifin. Yawancin harsasan 303 na Ingila da kodayit aka cika su, wanda ba gari ba ne, sili-sili yake kamar ɗanyar taliya. Akwai naitirogilisarin mai yawa a cikinsa, wutarsa tana da zafi ƙwarai, tana cinye farkon bututu daidai inda ƙwaya take fara kama tsaga. In wurin nan ya cinye, ƙwaya takan yi ɗan tsalle kafin ta kama, ta shiga a karkace. Sai kuma bakin bututu. Igiyar da soja suke ja da ita su goge ciki, in ana janta a karkace shekara da shekaru, tana goge gefe ɗaya na bakin. Bakin nan shi ne wuri na ƙarshe da ƙwaya take taɓawa, in iskar wuta ta riga fita ta gefe ɗaya sai ta ture gindin ƙwayar. Na sha ganin allon da ramin jikinsa ba zagayayye ba ne, dogo ne, alamar ƙwayar a kwance ta iso. Bindigar da take haka ba wanda zai iya cewa ga inda harbinta zai faɗa.

Katako shi ne abin da aka fi rainawa, ni kuwa a kansa na fi ɓata lokaci. Katakon Lee-Enfield biyu ne, na gindi daban, na gaba daban. Na gaban yana da wuraren da dole ya zauna cif a jikin ƙarfe, akwai kuma babban noti a gaban kunama wanda yake ɗaure komai. A No. 4 an tsara katakon ya ɗan tallabi bututu daga ƙasa a can wajen baki. Duk harbi bututu yana rawa, ido ba ya gani amma yana yi, kuma saiti ya dogara ne ga ya yi rawar iri ɗaya kowane lokaci. To ka duba yanayinmu. Da damina katako ya sha danshi ya kumbura, da hunturu iskar Disamba da Janairu ta busar da shi ya tsuke, har ya tsage. Man da aka yi ta zuba wa ƙarfe ya tsiyaye cikin katako ya lausasa shi. Bindigar da aka daidaita a watan Yuli, ka ɗauko ta a Fabrairu ka ga harbinta ya koma wani wuri. Wani kuma sai ya ga katakon ya yi masa nauyi ya yanke rabinsa, ko kafinta ya sassaƙa masa sabo da maɗaci, ya yi kyau a ido, saiti kuwa ya tafi.

Akwai abin da ya wuce saiti, ya shafi ran mai harbi. Tsakanin fuskar sakata da gindin bututu, inda leɓen gindin kwanso yake zama, akwai 'yar tazara da aka ƙayyade, ana auna ta da ma'auni na musamman. A 303 ta soja, daga 0.064 zuwa 0.074 na inci. Haƙoran da suke kulle sakatar Lee-Enfield a baya suke, ba a gaba ba, wannan ne ya sa take da saurin ja, amma yana barin kwanso ya ɗan miƙe a duk harbi. In tazarar ta wuce ƙa'ida, kwanso yana iya tsinkewa ta gindi, wuta ta dawo fuska. Domin haka aka yi wa No. 4 kawunan sakata masu lamba 0, 1, 2, 3, mai gyara ya canza ya rufe tazarar. Kowace sakata kuma an daidaita ta da bindigarta, lambarsu ɗaya. Tsofaffin da suke yawo a hannun mutane sau da yawa sakatar wata ce a jikin wata. Wasu ma an buga musu haruffan DP, ma'ana an yanke musu hukuncin fareti kawai, ba a yarda a sake harba su ba saboda wani lahani da aka gano. Wanda bai san haruffan ba sai ya ɗura mata harsashi ya kai ta kumatunsa.

Sai harsashi, inda tambayarka ta fi ƙarfi. E, irinsa yana canza komai, har a bindiga mai lafiya. Ma'aunin No. 4 an rubuta lambobinsa ne domin harsashi guda, wanda ake kira Mk VII, da aka fito da shi a 1910. In ka ɗura mai nauyi daban ko gudu daban, lambar 300 da ke jikin ma'auni ba yadi 300 take nufi ba kuma. Mk VII gindin ƙwayarsa a miƙe yake, kuma darmar ciki a buɗe take ta baya. In wuta ta buge ta sai gindin ya ɗan buɗe ya cika bututu, ko da bututun ya ɗan ci. A 1938 aka fito da Mk VIII domin bindiga mai jigida ta Vickers, gindin ƙwayarsa a tsuke domin ya yi nisa. A sabon bututu yana da kyau, amma a wanda kodayit ya riga ya cinye, wuta takan zagaye tsukakken gindin, ƙwayar ta fita tana lilo. Masu harbin gasa a ƙasashen da doka ta yarda da riƙe irin waɗannan bindigogi sun san haka sarai: tsohon bututu ya fi son ƙwaya mai miƙaƙƙen gindi. Faɗin ƙwayar ma abin dubawa ne. Ta 303 inci 0.311 ce zuwa 0.312, ta 7.62 na NATO kuwa 0.308. Bambancin kamar ba komai ba, amma ya isa ya hana ƙwaya kama tsaga yadda ya kamata. Ko harsasai iri ɗaya, na masana'anta kaza da na masana'anta kaza ba sa faɗa wuri ɗaya, shi ya sa mai neman saiti ba ya gauraya su.

Ka juya gindin ɗaya daga cikin na kakanka ka duba, ba tare da ka ƙwanƙwasa ko ka kankare ba. Za ka ga haruffa da lambobi. RG na nufin masana'antar Radway Green, K na Kynoch, RL na Woolwich, duk a Ingila, KF na Kirkee a Indiya, POF na Pakistan. Lambobi biyu ko huɗu shekarar ƙira ce. VII ko 7 shi ne irin harsashin, in da Z a gefe to ba kodayit ba ne a ciki, albarushin gari ne. Abin da nake so ka fi lura da shi shi ne sauran haruffan da launin da ya zagaye maɓallin gindi. Shunayya na gama-gari ne. G da jan launi mai barin wutsiyar wuta ne a iska, W da kore mai huda ƙarfe, B da shuɗi kuwa mai tayar da gobara ne. Tsofaffin soja sukan dawo da abin da ya faɗo hannunsu, ba lalle duka iri ɗaya ba ne.

Suna da rai? Wasu za su tashi, wasu ba za su tashi ba, kuma masifar ita ce ba mai iya bambance su da ido. Harsashin da aka ajiye a rufaffen gwangwaninsa, a wuri mai sanyi marar danshi, yana iya daɗewa ƙwarai. Na kakanka a buɗe suke, a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin kwano, sun sha zafin Maris da Afrilu da danshin Agusta shekara bayan shekara. Zafi yana ruɓar da albarushi a hankali, ya riƙa fitar da tururi mai tsami da ke cin kwanso ta ciki. In ka ga kore-kore a jikin tagullar ko a wuyanta, ko ka ji wari mai yaji, ruɓar ta yi nisa. Maɓallin gindi shi yake fara mutuwa. Wani in an sara shiru. Wani sai ya yi jinkiri: ka ji ƙas, ba komai, bayan daƙiƙa ɗaya ko fiye sai ya tashi. Mutumin da bai sani ba ya riga ya sauke bindiga yana jan sakata, ko ya juya bakinta wajen abokinsa. Saboda wannan ne a filin harbi ake dokar cewa in harsashi ya ƙi tashi, bindiga ta ci gaba da kallon allo a ƙalla rabin minti kafin a taɓa sakata. Mafi muni shi ne wanda zai tashi da rauni, ƙwayar ta tafi rabin bututu ta tsaya. In aka bi ta da wani, bututu ya kumbura ko ya fashe a hannu.

Tagullar kanta tana tsufa. Sojan Ingila a Indiya sun daɗe suna mamakin yadda kwanson harsasansu yake tsagewa bayan damina, har aka gano a 1921 cewa tururin fitsarin dawaki ne, domin a barga ake ajiye su lokacin ruwa. Sinadarin amoniya da ke cikinsa yana tsaga tagullar da aka matse. Gidajenmu da turken awaki ko na doki yake jingine da ɗakin tsoho, ka ga ba sai na ƙara bayani ba. Kwanson da wuyansa ya tsage ba ya riƙe ƙwaya da ƙarfi ɗaya, wanda gindinsa ya tsage kuwa wuta yake fesowa baya. Ko an yi sa'a duk sun tashi, gudunsu ba zai zo ɗaya ba, wani ya faɗa sama wani ƙasa. Daidaiton da ɗan sa-kan nan yake nema, waɗannan harsasai ba za su ba shi ba.

Sauran tsofaffin bindigogin soja duk wannan hukunci ne a kansu, kowace da nata tarkon. Mauser ta Jamus tana da faɗin bututu iri biyu, tsohon na 1888 da wanda aka faɗaɗa a 1905, kuma sabon harsashi a tsohon bututu haɗari ne. Mosin-Nagant ta Rasha yawancinta da banati a kafe aka daidaita ta, in ka cire shi harbi ya gusa gefe. MAS-36 ta Faransa, wadda aka sani a Nijar da Chadi da Kamaru, 7.5 take ci, nata daban. Lambar 7.62 kuwa ta ruɗar da mutane da yawa: na AK tsawon kwansonsa milimita 39 ne, na bindigogin G3 da FN 51, na Mosin 54 mai leɓe a gindi, ba wanda yake zama a madadin wani. Har Lee-Enfield akwai wadda Indiya ta ƙera a Ishapore mai cin 7.62 na NATO, wadda in ba ka lura da gidan harsashinta mai kusurwa ba za ka rantse 303 ce. Mu nan, tun da aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kakuri a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, hankalin soja ya koma kan 7.62. Wannan ya sa kusan duk 303 da za ka gani a hannun mutane a yau tsohon ajiya ne.

Ba ina cewa tsufa kaɗai yana kashe bindiga ba. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada sun riƙe No. 4 har wajen 2018 kafin a canza musu. Amma suna da masu gyara, da kayan canji, da sabon harsashi daga hukuma. Abin da ya raya tasu ke nan, kuma shi ne babu a ƙauyenku.

Sai maganar doka, wadda ba zan tsallake ba domin ina gudun ka faɗa rami da kyakkyawar niyya. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin su adaka, kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da lasisinsu. Na farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, Sufeto Janar. Ɗaya kashin kuwa haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikin jerinsu an ambaci bindigogin soja masu 7.62 da 9 da .300 da .303 da sunansu. Tsufan Mak-fo bai fitar da ita daga wannan jeri ba, hukuncin riƙe ta kuma ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasisin bindigar da yake shiga. Ranar da ka miƙa wa wani waɗannan, ka zama wanda ya ba da harsashin haramtacciyar bindiga, kuma duk inda ɗaya ya ƙare, da sunanka a ciki.

Na san abin da mutanen Giwa da Birnin Gwari da Chikun da Kajuru suka gani a hannun 'yan bindiga, ba na kuma zargin mutumin da ya rasa barci yana tsaron iyalinsa don ya nemi abin kare kai. Tausayinsa ne ma ya sa nake cewa kada a ba shi. Mutum ya fita da dare yana dogara da bindigar da ba wanda ya auna tazarar sakatarta, da harsashin da zai iya yin shiru a lokacin da ya fi bukatarsa, gara ya san ba shi da ita ya yi wani shiri. In suna aikin sa-kai da gaske, su yi rajista a ƙarƙashin hukuma, su yi aiki tare da DPO da sojan da ke yankinsu, abin da doka ta yarda su riƙe su riƙe shi da takarda.

Kai kuma ga abin da za ka yi. Kada ka jefa su a wuta ko a bola, yara masu tsince-tsince da masu ƙona shara ne za su gamu da su. Kada ka zuba su a masai ko rijiya, kada ka ce za ka buɗe ɗaya ka ga cikinsa, kada kuma ka sayar wa 'yan gwangwan don tagullar. Ka bar su a akwatin, ka kulle, ka janye shi daga rana da murhu da inda yara suke wasa. Kada ka zuba su a aljihu ka hau babur zuwa caji ofis, domin in aka tare ka a shinge ba wanda zai tsaya jin labarin kakanka. Ka fara zuwa hannu sake, kai da babban gidanku da mai unguwa, ku sanar da DPO a rubuce, ku haɗa da hoton takardar sallamar marigayin domin a ga asalin abin. Su za su zo su ɗauka, ko su turo sashensu na kwance bama-bamai in sun ga alamar ruɓa ko shuɗin launin nan. Ku nemi a ba ku takardar shaidar karɓa mai ɗauke da adadin harsasan da kwanan wata da sa hannun jami'in, ku yi mata kwafi, asalin ya zauna a hannun babban gida.